Moɗa Mai Gefen Rawaya

Binta ta faɗa gonar ba ko sallama, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, don laka ta zare mata shi a bakin magudanar ruwa kuma ba ta ga lokacin tsayawa mayarwa ba. Tana tsakiyar turara shinkafa aka zo aka gaya mata, ta bar tukunya a kan wuta ta fito. Tun daga nesa ta ga ba ƙarya aka yi ba. Datti, maƙwabcin gonarta, ya sa fartanya ya rushe mata fangali layi uku reras, ga dashen tumatirin da ko fure bai fara ba a zube, saiwa a sama, rana tana cinsa.

"Datti! Taɓuwa ka yi, ko da tsufanka ka fara shaye-shaye?"

Datti bai fasa sara ba. Sai da ya kai ƙarshen layin sannan ya miƙe, ya cire hula ya share gumi da ita.

"Lafiyata ƙalau, Binta. Gonata nake gyarawa."

"Gonarka? Gonar ubana ce ta zama gonarka?"

"Shekara guda na yi a Legas ina fama da kwandunan tumatir, na bar gona a hannun ɗan haya. Na dawo na tarar an ci mini layi uku. To in yi shiru don ke mai baki ce?"

Baki kam Binta tana da shi, wannan ba mai musu. Tun daga ƙauyensu har bakin titin Kadawa an san muryarta, kuma tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da gidanta da wannan murya da tukunyar shinkafa. Amma a ce ta ci haƙƙin wani? Ko allurar mutum ba ta taɓa ɗauka ba. Sai ga shi yau wani Datti, wanda suka yi wasan ƙasa tare, majina har haɓa, ya tsaya gaban 'yan ƙwadago yana ce mata ɓarauniyar gona.

"Ba sai mun yi dogon surutu ba," in ji ta. "Ga moɗar Baba can. A kawo igiya a ja."

Wannan moɗa kowa a garin ya san ta. Shukar nan ce mai dogayen ganye tsaye kamar takobi, da zane-zane irin na bayan maciji, wadda tsofaffi ke kankare ganyenta su tufka igiya. Koriyarta ba ta da wata tsada, ko a bayan gari ka duba za ka samu. Amma ta Malam Yusuf, mahaifin Binta, daban take: kowane ganye an yi masa gefe da rawaya, sai ka ce tela ne ya bi shi da zare. Ya samo ta ne a gidajen ma'aikatan gonar gwaji ta Kadawa, lokacin da yake yi musu ban-ruwan fulawa. Da aka yanka filayen noman rani, sai ya dasa ta a kan iyakarsa da mahaifin Datti, don ya san ba wanda ke da irinta balle a yi masa wayo. Daga gindinta a ja igiya zuwa mangwaron da ke ƙarshen gona, iyaka ke nan. A haka iyaye suka zauna lafiya har suka koma ga Allah.

"Moɗar Malam Yusuf?" Datti ya yi wata dariya mai ciwo. "Je ki dube ta da kyau, sannan ki dawo mu yi magana."

Ta taka da ƙarfi ta je. Ga moɗa nan kam a tsaye. Amma guntuwa ce, ko gwiwa ba ta kai ba, ganyenta sababbi ne masu taushi, kuma kore shar daga sama har ƙasa. Ta sunkuya ta juya ganye ɗaya, ta juya na biyu. Ko ɗigon rawaya babu.  Rabonta da gonar an daɗe, don ciwon gwiwa ya sa ta bar noman a hannun ƙanenta Ɗanbaba, ita dai a kawo mata amfani gida. Nan take fushi ya taso mata.

"Lallai Datti ka cika makiri! Ka tumɓuke ta ubana, ka dasa wannan 'yar bayan garin don ka ɓata mini suna!"

"Ni na tumɓuke? In ni ne, sai in dasa ta cikin gonata in cuci kaina? Ki riƙa tunani mana kafin ki yi magana."

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta ƙara ƙona wa Binta rai. Kan ka ce me, masu ban-ruwa sun bar tiyo a magudana sun taru, har aka kira mai unguwa Sunusi, ya zo yana tattare babbar riga kada laka ta taɓa. Ya ji ta bakin kowa. Ya je ya tsaya kan moɗar ya daɗe yana kallo.

"Gaskiya, Binta, wannan ba ita ce ta marigayi ba. Ni kaina na san ta. Ta kai mini ƙugu, kuma da rawayarta."

Wani daga baya ya yi ƙasa da murya ya ce kowa dai ya san abin da malamai ke faɗa a kan mai matsar da iyakar gona. Ya yi ƙasa da murya, amma ta ji. Nan Binta ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Fangali uku a rasa ba komai ba ne. Amma a tashi daga yau ana nuna ta a gidan suna da gidan biki, ana cewa ga wadda ta matsar da iyaka? 'Yar Malam Yusuf?

"Ranka ya daɗe, a kawo Alƙur'ani," in ji ta. "In dafa in rantse. Ba ni ba, ba wani na gidana ba, ba wanda ya taɓa shukar nan. In ƙarya nake yi kada Allah ya kai ni girbin tumatirin nan."

 Ɗanbaba, wanda tun ɗazu yake rakuɓe bayan mutane, ya matso ya ja gefen mayafinta.

"Yaya, a bi a hankali. Rantsuwa fa ba abin wasa ba ce."

"Sakar mini mayafi, matsoracin banza! Kana tsaye ana rushe gonar ubanka, ko tari ka kasa yi."

Mai unguwa ya ce to, tunda abin ya kai haka, kowa ya je ya huce. Bayan la'asar a dawo nan, liman zai zo da Alƙur'ani. In Binta ta rantse, iyaka ta zauna inda take, Datti ya mayar da dashe. In ta kasa, layi uku na Datti ne.

Binta ba hucewa ta tafi yi ba. Shawara ta yanke ta je Kura ta ɗauko surukinta Mustapha, mijin autarta Rumaisa, ma'aikaci ne a sakatariya kuma ya iya tsayawa gaban mutane. Ta ce Ɗanbaba ya kai ta a babur. Ɗanbaba ya sosa ƙeya ya ce wallahi tayar baya ta yi faci tun safe.

"Kai dai komai naka a sace yake," ta ce, ta wuce bakin titi ta tsayar da adaidaita.

Kafin su wuce gonakin albasa duk wanda ke cikin adaidaitar ya san Datti, ya san ubansa, ya san shekarar da aka kama shi yana toshe wa mutane ruwa da buhun yashi don ya kwarara gonarsa. Wata tsohuwa mai kajin sayarwa tana ta cewa, "Allah ya isar miki, baiwar Allah." Binta ta ji daɗin wannan ƙwarai.

Sai da ta tsaya a ƙofar gidan sannan kunya ta kama ta. Tun da aka kai Rumaisa ba ta taɓa taka gidan nan ba. Uwa ba ta zarya gidan 'yarta, ba a yi mata wannan tarbiyya ba. Rumaisa ce ke zuwa gida, ko da ta haihu ma a ɗakin Binta ta yi wankan jego. Amma yau fushi ya fi ƙarfin kunya. Ta gyara mayafi, ta yi sallama, ta tura ƙofa.

"Lah! Umma! Ke ce da kanki? Lafiya?" Rumaisa ta fito daga kicin da gudu, goyo a baya, ludayi a hannu.

"Ina lafiya! Ina mijinki? Wai ni yau Datti zai..."

Ba ta ƙarasa maganar ba. A barandar gidan, jere a gindin bango, ga wasu fararen tukwane masu sheƙi. A cikin kowace, ga moɗa tsaye, doguwa, an goge ganyenta har yana ɗaukar ido. Ta bakin ƙofar falo ta fi kowace girma, ta kai wa mutum ƙugu. Kowane ganye da gefensa na rawaya. Har wani tsohon ganye mai tabon lauje a tsakiya, wanda Binta ta san ranar da aka yi masa tabon.

"Wannan fa?" ta tambaya a hankali.

"Au, fulawata? Ai ita ce wadda kika ce a ɗebo mini, Umma. Kin ga yadda ta yi kyau? Duk wanda ya shigo sai ya tanka."

Binta ta nemi bakin baranda ta zauna. Ta tuna. Wallahi ta tuna, kamar jiya aka yi.

Ana saura 'yan makonni biki ne suka shiga Kano sayen kayan ɗaki. Sun gama da labule da kwanuka, Binta ta gaji liƙis, sai Rumaisa ta ja ta wurin masu sayar da fulawa a bakin titin Zariya. Wai yanzu gidan amarya ba ya cika sai da shuka a falo. Ta buɗe waya ta nuna wa mai fulawar hoto, ta faɗi wani suna da Turanci wanda ma'anarsa wai shukar maciji. Binta ta ce a'uzubillahi, maciji kuma a ɗakin amarya? Mai fulawar ya yi dariya ya ce suna ne kawai, Hajiya, ga su nan kala-kala, amarya ta zaɓa.

Ya shiga jero su. Ga wata guntuwa mai ganye a tattare kamar kabeji, ya ce ta kan tebur ce, ba ta tsawo. Rumaisa ta ce ta yi ƙanƙanta, ba wanda zai lura da ita. Ga wata mai ganye mulmulalle kamar na albasa, da tsini a kai, har an yi mata kitso. Rumaisa ta taɓa tsinin ta ce a'a, in Allah ya kawo haihuwa yaro zai tsone ido. Ga wata fara-fara kamar an barbaɗa mata toka, ya ce wannan ba ta son rana mai zafi. Rumaisa ta ce ta yi kama da mara lafiya. Ga koriya mai zane, ya ce ita ce mai juriya, ko a lungu mai duhu ka ajiye ta ka manta ba za ta mutu ba, abu ɗaya ne ba ta so, yawan ruwa. Rumaisa ko kallonta ba ta yi ba. Idonta na kan ta ƙarshe, mai gefen rawaya.

"Wannan nake so. Za ta shiga da labulena."

Sai a lokacin Binta ta matso ta duba da kyau, ta tafa hannu.

"Yo wannan ai moɗa ce! Moɗa ce kuka sa a tukunya kuka ba ta sunan Turanci?"

Da mai fulawar ya faɗi kuɗinta, Binta ta zaci har da teburin da ke ƙarƙashinta ya haɗa. Ta yi masa tatas. Ta ce su dai mutanen birni ba abin da ba za su sayar wa mutum ba, saura ƙaya da tumfafiya. Ta fizgi hannun Rumaisa, tana tafe tana faɗa har bakin mota: "Irin wannan mai rawayar ga ta can jibge a gonarmu, ko akuya ba ta kallonta. In ita kike so, sai a kwaso miki a buhu." Faɗa ce kawai irin ta fushi. Kafin su kai Kwanar Dawaki ta manta ta yi ta.

"Wa ya haƙo miki?" ta tambaya yanzu, ko da yake ta riga ta san amsa.

"Kawu Ɗanbaba. Na ce masa ke kika ce."

"Duka ya haƙo? Har saiwa?"

"Mai fulawar ya ce da saiwa ake rabawa. Amma ba mu bar wurin haka ba, Umma. Kawu ya yayyanka ganye ya soka a ƙasa, ya ce za ta sake tsirowa. Ba ta tsiro ba ne?"

"Ta tsiro. Koriya shar."

Rumaisa ta dafe baki. "Wayyo, haka take yi! Na yanka wa ƙawata Nafisat ganye ta dasa, da ya tsiro sai ya fito ba rawaya. Har fushi ta yi, wai na ba ta mai arha na ɓoye mai kyan. Ashe in ba da saiwa aka raba ba, rawayar ba ta biyo ta."

"Ke da Nafisat ɗin duka Allah ya shirye ku!" Binta ta miƙe tsaye, muryarta ta dawo. "Iyakar gonar kakanki ce kika jera a baranda kina goge ta da tsumma! Kin san yau saura ƙiris in dafa Alƙur'ani a kan ba wanda ya taɓa ta? Kin san da bakina na ce kada Allah ya kai ni girbi? Don ta shiga da labule! Labulen banza labulen wofi!"

Jaririn ya firgita ya tsala kuka, uwarsa ma ta fashe da nata.

"Wallahi Umma ban san iyaka ba ce. Ni sau nawa na je gonar? Kuma ke kika ce..."

"Na san ni na ce! Sai kin maimaita mini?"

Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Tun safe take neman wanda za ta sauke wa wannan fushi, ta zagi Datti, ta zagi ubansa a gaban baƙi cikin adaidaita, har tsohuwa mai kaji ta taya ta da Allah ya isa. Yanzu ga fushin nan cike da ƙirjinta, ta duba gabas ta duba yamma, ba inda za ta ajiye shi sai kan harshenta.

Ta sunkuya ta rungumi babbar tukunyar ta bakin falo. Nauyi kamar turmi.

"Umma, Mustapha ne fa ya sayo tukunyar. Me zan ce masa?"

"Ki ce surukarsa ta zo gidansa sau ɗaya, ta yi sata ta tafi. Za a dawo miki da tukunyarki."

A bakin hanyar ƙauyensu ta sauka, ganyen moɗa na sukar ta a haɓa. Ga Ɗanbaba a gindin darbejiya zaune kan babur, taya cike da iska tam. Yana ganin abin da ta rungumo ya sauko jiki a sanyaye.

"Faci ya warke ke nan?" in ji ta.

"Yaya, wallahi na so in faɗa miki."

"Ka so! Kana ji ina kiran Alƙur'ani, iyakar abin da ka iya shi ne jan mayafi? Da na rantse fa, Ɗanbaba? Da ka bi gawata kana cewa ka so ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai. Mutum mai mata da 'ya'ya, gemu ya fara furfura, amma ya tsaya gabanta kamar wanda ya fasa tulu.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka yi mini kwana-kwana. Ganyen da ka soka, a ramin da ka haƙo ta ka soka?"

Sai da ta daka masa tsawa sannan ya amsa.

"Damina ce, Yaya. Ina cire ta ruwa ya cika ramin. Rumaisa kuma ta ce an ce ba ta son ruwa. Sai na matsa kan tudu kaɗan."

"Tudun wane ɓangare?"

"Na wajen Datti."

"Innalillahi. Sannan da rani ya zo ka ja igiya daga nan ka yi fangali."

"Amma wallahi bai kai layi uku ba! Ɗan tsakanin bai fi layi ɗaya ba. Datti ƙari ya yi."

"Tayar da babur," ta ce. "Kuma in ka jefa ni a rami da tukunyar mutane, sai na ci mutuncinka a gaban matarka."

Ta tsaya gida ta yi sallar la'asar. Shinkafar da ta bari a wuta maƙwabta sun sauke, ko leƙawa ba ta yi ba. Da suka isa gona mutane sun ninka na safe, har da mata a kan gaɓar magudana, don labarin rantsuwa ba ya kwana. Ga mai unguwa, ga liman riƙe da Alƙur'ani a cikin gafaka, ga Datti ya sako wankakkiyar riga. Binta ta ratsa su da tukunya a ƙirji. Ta ji surutu yana mutuwa layi-layi yayin da idanu ke sauka kan rawayar. Ta dire ta gaban mai unguwa, ta miƙe tana haki.

"Ranka ya daɗe, ba zan rantse ba. Ga moɗar Baba. A gidan 'yata na samo ta, an yi mata ado da ita. Ni na ce a ɗebo mata, ban san abin da bakina ya faɗa ba. Ƙanena ya haƙo, ya dasa waccan ba a gurbinta ba. Datti ya yi gaskiya, an taɓa iyaka, kuma daga gidana ne."

Kowace kalma sai da ta ƙona mata baki kafin ta fita. Wata mata a kan gaɓa ta ce, "Tabɗijam!" Datti ya gyara wuyan riga, ya buɗe baki zai yi jawabi.

"Dakata, ban gama ba," in ji Binta. Ta sake sunkuyawa ta ɗauki tukunyar, ta taka har gabansa, ta dangwara masa ita a ƙirji, dole ya tare da hannu biyu. "Ni ban san gurbinta ba, an daɗe ban zo ba. Kai ka ce ka sani, har ka sa fartanya. To ga ta. Ga liman, ga Alƙur'ani, ga jama'a. Ba na ce ka rantse ba. Je ka ajiye ta inda ubanka da ubana suka bar ta. Duk inda ka ajiye, na yarda."

Mai unguwa ya dubi liman, liman ya gyaɗa kai.

Datti ya tsaya da tukunya a hannu, dogayen ganyen sun rufe masa rabin fuska. Ya fara tafiya. Ya wuce koriyar moɗar, ya tsallake layin farko da ya rushe, ya tsallake na biyu, ya kai ƙarshen na uku, inda ya yi iƙirari da safe. Ya tsaya.  Ya dubi mangwaron da ke ƙarshen gona, ya rufe ido ɗaya kamar mai auna gini. Ya waiwayo ya dubi gafakar da ke hannun liman. Gumi ya jiƙa wankakkiyar rigar.

Sai ya fara ja da baya. Ya dawo layi na biyu, ya ɗan tsaya, ya sake duban mangwaron. Ya ƙara dawowa. A bakin layin farko, inda ƙasa ta ɗan lotsa, ya durƙusa ya ajiye tukunyar.

"Nan ne," ya ce, bai dubi kowa ba. "Nan muke zama da Baba mu ci ɗumame."

"To sauran layi biyun da ka rushe mini fa?"

"Zan mayar da dashe."

"Da naka irin, ba waɗannan da rana ta kashe ba."

"Na ji, Binta. Haba!"

Aka kawo fartanya. Datti da kansa ya haƙa ramin, aka zare moɗar daga tukunya da ƙasarta, saiwoyinta jajaye sun nannaɗe kamar igiya, aka dasa, liman ya yi addu'a aka shafa. Ɗanbaba, don neman shiri, ya ruga magudana ya ciko bokiti zai kwarara mata.

"Kai! Kashe ta za ka yi kuma? Ajiye bokitin nan!"

Mutane suka fara watsewa, kowa da abin da zai kai gida. Binta ta san kafin magariba labarin ya kai Bunkure, kuma ba duka za a faɗe shi daidai ba. Layi ɗaya ya tafi, da tumatirin da ta ci a kansa bara wanda sai ta nemi yafiyar Datti, abin da ko tunaninsa ɗaci yake yi mata. Ta tsaya tana kallon rawayar a gurbinta, rana na faɗuwa a kanta.

Wayarta ta yi ƙara. Rumaisa ce, murya duk ta dishe da kuka.

"Umma, ya aka yi?"

"An gama. Ban rantse ba."

"Alhamdulillahi." Sannan a hankali ta ce, "Umma, Mustapha ya dawo, yana tambaya, ya ga bakin falo wayam. Wace iri zan sa a wurin yanzu?"

 Binta ta kashe wayar ta ɗaure a bakin zane. Ta taka zuwa inda koriyar moɗar take tsaye cikin gonar Datti, ta kama ta da hannu biyu ta tumɓuke, ta kakkaɓe, ta cusa ta cikin farar tukunyar, ta tara ƙasa ta danna da tafin hannu. Ta miƙa wa Ɗanbaba.

"Kai mata Kura yanzu, tun tayarka ba ta sake yin faci ba. Ka ce ni na zaɓa mata. In ba ta shiga da labule ba, ta canza labulen."